Sun ari sunan kamfani sun cinye adashin Innata

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Iyayena da yayyena ku yi mini haƙuri, yau maganata za ta yi tsawo, don abin ya tsaya mini a maƙoshi tun shekaranjiya.

Innata tana sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Wata shida tana zubin adashi, farkon watan nan ta kwashi jika 60, wato sefa dubu 60, da niyyar sayen gyaɗa kafin ta hau. Sai ga saƙo a zauren danginmu na WhatsApp, da tambarin wani kamfanin waya, da launinsa sak, har da hoton wata mata tana murmushi riƙe da damin kuɗi. An rubuta da Faransanci wai kamfanin yana bikin cika shekaru, yana raba kyauta ga waɗanda suka daɗe da layinsa. Inna ba ta yi boko ba, jikarta ƴar firamare ce ta karanta mata. Suka danna mahaɗar da ke cikin saƙon, wato adireshin da ke kai mutum wani shafin intanet, suka amsa tambayoyi uku, aka nuna musu akwatuna aka ce su zaɓi ɗaya. Akwatin ya buɗe, wai ta ci jika 500. Aka ce ta sa lambarta, ta kuma tura saƙon zaure biyar.

Washegari wani ya kira ta. Hausa yake yi tsaf, irin tamu ta nan, yana ce mata Hajiya, yana yi mata barka da arziki. Ya ce kuɗin dosiye jika 7 da rabi. Ta aika. Da la'asar ya ce akwai haraji, jika 15. Kwana biyu bayan haka ya ce sai an buɗe mata kont, jika 25. Duka jika 47 da rabi. Ya ja mata kunne kada ta gaya wa kowa saboda mahassada, kuma kada ta aika a shago ɗaya sau biyu. Daga nan layinsa ya mutu.

Sati biyu tana ɓoye mana. Ta daina cin abinci sosai, muna tsammanin zazzaɓi ne. Da na matsa mata, kuka ta fashe da shi, mace mai shekara sama da sittin tana roƙona kada in gaya wa ƙannena. Na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta amma kada in faɗi sunanta.

Wadda ta turo saƙon cikin zauren dangi ƴar ƙanwarta ce, da zuciya ɗaya, har ta rubuta a ƙasa: Inna ki gwada, Allah ya sa da rabonki. Shi ya sa nake roƙon shugabannin wannan zaure a kafa doka: duk wata mahaɗa ta kyauta, ko tombola, ko ɗaukar aiki, kada a ƙara turo ta nan.

Malama ta Birni:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya mayar mata da mafi alheri. Ƙanena ka gaishe ta, ka ce mata ba ita kaɗai ba ce, wallahi ba ita kaɗai ba ce.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Allah ya kyauta. Ɗana, na ji zafin abin da ya samu mahaifiyarka, kuma ka san ina ganin girmanta. Amma zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shekara 34 ina kasuwa, ban taɓa ganin wanda ya ba ni jika 500 don na danna waya ba. Kamfani kasuwanci ya zo yi, ba sadaka ba. Mutanenmu son banza ya yi musu yawa, kowa yana son ya kwana talaka ya tashi mai kuɗi. Muddin kwaɗayin nan yana nan, ko doka ɗari aka kafa a zaure, gobe wani zai faɗa.

Malama ta Birni:
Baba Alhaji, da girmanka da komai, ban yarda a kira wannan kwaɗayi ba. Matar da take tashi tun asuba tana murza tunkuza har hannunta ya yi kanta, ita ce mai son banza? Kuma kamfanonin nan ai da gaske suna yin promo. Muna ji a rediyo, muna gani a allunan talla a bakin titi, an ba wane babur, an ba wance firji. Su suka saba mana da haka. To mutumin da bai iya karatu ba, ya ga tambarin da yake gani kullum a jikin shagon da yake sayen kiredi, ta ina zai bambance? Shi a wajensa tambari kamar hatimin sarki ne a kan takarda.

Irin maganar nan ta kwaɗayi ita ce ke sa mutane yin shiru. A makarantar da nake koyarwa akwai malamin da ya yi jami'a, yana koyar da lissafi, aka karɓe masa jika 30 da sunan ɗaukar aiki a wata babbar ƙungiyar agaji. Sai bayan wata huɗu ya faɗa mana, kuma kafin nan wasu malamai biyu sun riga sun faɗa ramin da ya faɗa. Da ya yi magana ranar farko da sun tsira. Tsoron a ce masa wawa ne ya rufe masa baki.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Ƴata, ban ce a zagi kowa ba. Na ce a duba tushen cuta.

Mai Ajans na Zango:
Salamu alaikum. Ni sana'ata ke nan, aika kuɗi da cire kuɗi, shekara bakwai yanzu, don haka bari in faɗi abin da idona ke gani.

Da farko jama'a su riƙe wannan: kyautar da aka ce sai ka biya kafin ka karɓa, ba kyauta ba ce. Ko da gaske akwai haraji, ai a cikin jika 500 ɗin za a cire a ba ka saura, me zai sa a ce kai ka fara aikawa? Sannan babu ma'aikacin kamfani na gaskiya da zai nemi lambar sirrinka ta waya. Ni da nake ajans ban san ta kowa ba, mutum da hannunsa yake dannawa, ni kuma in kau da kai.

Akwai wani salon da ya fi wannan yawa a shagona. Saƙo ya shigo maka an tsara shi kamar na kamfani, wai an sa maka jika 20. Minti ɗaya sai kira: don Allah ɗan'uwa kuskure na yi, kuɗin maganin yaro ne, ka mayar mini. Kai kuma tausayi ya kama ka, ka aika daga naka. Alhali ba sisin da ya shigo. In ka duba da kyau, daga lamba mai alƙaluma 8 saƙon ya fito, irin tawa da taka. Kuma ko sunan kamfani ka gani a sama, kada ka tsaya nan, ka shiga ka duba abin da ke cikin kont ɗinka da kanka. Baba Alhaji, wannan fa ba kwaɗayi suke kamawa da shi ba, imani da tausayin mutum suke kamawa.

Abin da ke damuna shi ne wannan. Tsohuwa ta shigo, waya a kunne, wani yana karanto mata lamba, jikinta na rawa, tana cewa yi sauri ɗana. Na san abin da ke faruwa. In na tambaye ta, Iya wa za ki aika wa, sai ta ce ɗana ne, domin an riga an koya mata abin da za ta faɗa. Wata ta taɓa zagina tas, ta ce baƙin ciki nake mata, ta tafi shagon gaba ta aika. Bayan kwana uku ta dawo tana kuka wai in taimaka a dawo da kuɗin. Kuɗin kuwa ba sa kwana, cikin ƴan mintuna an cire su a wani gari.

Ɗan Garin Malam:
Yaya Mai Ajans, abin da aka yi wa Inna ke nan daidai. Shago uku ta shiga, ba wanda ya tambaye ta komai.

Ƴar Kara-Kara:
To ai nan ne laifin masu shago. Kuna ganin tsohuwa tana aika kuɗi ga sunan da ba ta iya faɗa ba, ku karɓi ladanku ku yi shiru?

Mai Ajans na Zango:
Ƙanwata, ba zan kare kowa ba, akwai masu sakaci cikinmu. Amma ki sa kanki a kujerata. Ranar kasuwa layi har waje, kowa na sauri. Kuma kuɗin mutum nasa ne, ba ni da ikon hana shi. Wani in ka tambaye shi sai ya ce sirrinsa kake bincike. Ni dai na ɗaukar wa kaina: duk wanda ya zo da waya a kunne, sai ya kashe kiran kafin in taɓa kuɗinsa, sannan in yi masa tambaya ɗaya, kyauta aka ce ka ci? Na rasa kwastomomi a kan haka. Na kuma tsare mutum biyar ko shida da na sani.

Ɗalibin Jami'a:
Iyayena barkanku da war haka. Ina karatu a jami'ar André Salifou, kuma ina ɗan taɓa gyaran waya. Ina so in nuna yadda ake gane shafin bogi, don ba wuya gare shi ba in an nuna wa mutum sau ɗaya.

Tambari ba shaida ba ne ko kaɗan. Ni yanzu cikin minti biyu zan iya sauke tambarin kowane kamfani a duniya in buɗe shafi a Facebook da sunansa, ba wanda zai nemi takarda a hannuna. Abin da ba za su iya sata ba shi ne adireshin gidan kamfanin a intanet. Sai su yi mai kama da shi. Ka dubi mahaɗar, ka tsallake https:// ɗin farko in akwai, ka nemi sandar farko mai karkata (/) bayansa, ka karanta abin da ke daf da ita ta hagu. Wannan shi ne mai gidan. In ka ga kamfani.ne ko kamfani.com, to mai yiwuwa su ne. In ka ga sunan kamfanin a farko, sai ɗigo, sai wasu kalmomi irin promo ko kado, sai wani ƙarshe da ba ka taɓa ji ba, to sunan nan na farko ado ne kawai, gidan na wani ne. Wani lokaci harafi ɗaya suke canzawa. A 2018 an yaɗa saƙo a WhatsApp a ƙasashe da dama wai Adidas na raba takalma kyauta don bikin cika shekaru, kuma harafin i da ke cikin sunan ba na gaskiya ba ne, wani ne mai kama da shi. Turawa masu karatu sun faɗa. Salon da aka yi wa Inna ke nan, tsohon salo ne, riga kawai ake sauya masa.

Akwatunan nan kuwa, duk wanda ka zaɓa ƙarshenta sai ka ci. An tsara shi haka. Sharhin da ke ƙasa na masu cewa na gode na karɓi nawa, su suka rubuta, hotunan ma na sata ne.

In shafin Facebook ne, ka shiga wajen bayanin shafi, akwai inda ake nuna ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa amsawa. Kamfanin da ya shekara goma sha a Nijar, shafinsa a ce sati uku da buɗewa? Ko ka tarar da can baya sunan shafin na labarin ƙwallo ne, aka tara mabiya, aka juya shi?

Direban Matamaye:
To ɗan makaranta, ni an ce mini in na ga alamar nan shuɗiya kusa da suna to na gaskiya ne. Haka ne?

Ɗalibin Jami'a:
Kawu, tana taimakawa, amma kada ka dogara da ita ita kaɗai. Da can sai an tantance ake bayarwa. A watan Nuwamba 2022 Twitter, wanda yanzu ake kira X, ya fara sayar da ita dala 8 ta Amurka a wata. Cikin ƴan kwanaki wani ya buɗe shafi da sunan Eli Lilly, babban kamfanin magani na Amurka, ya sayi alamar, ya rubuta cewa allurar ciwon suga ta zama kyauta. Dubban mutane suka yarda, sai da kamfanin na gaskiya ya fito ya ƙaryata. Meta ma, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, tun 2023 yana bayar da alamar ga mai biyan kuɗin wata, ko da yake yana neman takardar shaida. Kuma wasu ɓarayin zana alamar suke yi a jikin hoton shafin kawai, mai kallo da sauri ba zai lura ba. Makullin nan da ke fitowa a gefen adireshi shi ma ba ya nufin mutanen kirki ne, ɓarawo ma yana iya sa wa shagonsa ƙofa mai kwaɗo.

Direban Matamaye:
Na gode. Ni dai a ganina duk daga ƙetaren iyaka abin nan ke zuwa. Kullum ina hanyar Kano, na san labarin ƴan 419. Mu da ba mu san wannan ba.

Ɗan Garin Malam:
Kawu, lambar da ta kira Inna ta nan ce, ba ta fara da +234 ba. Kuma mutumin da jika yake lissafi, ba da naira ba, har ya san ranar da ake kwasar adashi takan faɗo farkon wata.

Kawu Mai Ritaya:
Direba, kada mu ruɗi kanmu. Sunan 419 daga sashe na 419 na dokar laifuka ta Najeriya ya samo asali, gaskiya ne, amma zamba ba ta da ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya je ya ciro kuɗin a shago, a cikin ƙasar nan yake, da ƙafarsa ya je. Kuma ƴan'uwanmu na Daura da Kano su ma haka ake cutarsu. In muka ce baƙi ne, sai mu daina duban yaran da ke zaune a fada ba sana'a amma waya uku a hannu.

Na yi aiki a kotu kafin in huta, don haka bari in ce wani abu kan ƙara. Muna da doka a kan laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, kuma zamba ta hanyar na'ura tana ciki. Ɗana, ka ɗauki wayar mahaifiyarka, kada a goge komai. Ka ɗauki hoton saƙon, da lambar da ta kira, da lokutan kiran, ka haɗa da resi uku na aikawa in suna nan. Ka fara zuwa ofishin kamfanin da aka ari sunansa ka sanar da su, ka je na kamfanin aika kuɗin, sannan komisariya.

Ƴar Kara-Kara:
Kawu, a je a yi me? A ɓata kuɗin kabu-kabu a yi ta zirga-zirga, kuɗi kuwa sun tafi. Layukan ma da katin shaidar wasu ake yi musu rajista.

Kawu Mai Ritaya:
Ƴata, ban yi wa kowa alkawarin kuɗi za su dawo ba, sau da yawa ba sa dawowa. Amma lamba ɗaya ba mutum ɗaya take cuta ba. In mutum goma suka kai ƙarar lamba guda, akwai abin bi: wa ya yi rajistarta, a wane shago aka ciro kuɗin, da wane kati. In ba wanda ya je, a takarda ba abin da ya faru a Damagaram. Shekarun da na yi ina riƙe da rajistar kotu sun nuna mini haka.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni kuma ku ji tawa, don kuna ta maganar manyan kamfanoni kamar su kaɗai ake ara. Ina sayar da atamfa da leshi da turaren wuta, ina sa hotuna a shafina. Bara wata ƙawata daga Mirya ta kira ni da faɗa, wai ta aiko jika 18 na turmi biyu sati guda ban tura mata ba. Na ce wane kuɗi? Ashe an kwashi hotunana kaf, har da wanda na ɗauka a kan tabarmar ɗakina, an buɗe wani shafi da sunan shagona an ƙara ɗigo ɗaya a ƙarshe, an karya farashi rabi. Mata huɗu na sani da suka aika. Wata har yau ba ta gaishe ni a biki, ta ɗauka da bakina aka yi.

Kwana na yi ina kuka, ba don ciniki ba. Shekara tara ina tara amanar nan. Ban taɓa cin sisin kowa ba, sai ga sunana a bakin mata ana cewa maciya amana. Shi ya sa in na ji an ce laifin kamfanin ne da aka yi amfani da sunansa, nake cewa a yi a hankali, shi ma mai sunan an zalunce shi.

Yanzu duk mai son kaya sai mun yi kiran bidiyo ta ga fuskata da kayan, ko ta aiko wani ya zo gida ya gani da ido.

Malama ta Birni:
Allah sarki Hajiya. Amma ke da babban kamfani ba ɗaya ba ne. Ke ba ki da kuɗin rediyo. Su suna da shi. Yadda suke cika mana kunne da tallan forfe da Hausa, haka ya kamata su riƙa gargaɗi da Hausa da Barbarci da Fulatanci, da murya, ba rubutun Faransanci ba da iyayenmu ba sa karantawa.

Malam na Sabon Gari:
Assalamu alaikum. Na karanta duka. Alhaji yana da gaskiya ta wani ɓangare, Malama ma haka, amma akwai wanda ba a ambata ba, shi ne mai turawa. Ya zo a hadisi cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Ɓarawon nan bai san lambar Inna ba, bai san gidanta ba. Hannun ƴarta ne ya kai shi har ɗakinta. Kuma Inna ba don tambari kaɗai ta yarda ba, don daga jininta saƙon ya fito. Duk wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, ya ara wa azzalumi mutuncinsa ne, ko bai nufa ba.

Direban Matamaye:
Malam, maganarka ta taɓa ni. Na koma na duba, saƙon nan mai akwatuna ni ma na turo shi wannan zauren ranar 4 ga wata. Ban karanta ba, an ce a tura zaure biyar na tura. In akwai wanda ya cutu ta dalilina ya yafe mini, kuma ya same ni a tasha mu yi magana.

Ɗalibin Jami'a:
Kawu, Allah ya saka da alheri da ka faɗa. Ka lura da wannan zaure biyar ɗin: WhatsApp ne ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda tun 2019, don rage yaɗa ƙarya, su kuma suka daidaita umarninsu da haka. In ka ga kibiya biyu a saman saƙo, an yi ta yawo da shi ne hannu zuwa hannu.

Ƴar Kara-Kara:
Jama'a ku tsaya. Yanzun nan Baba Tela ya rubuto mini ta gefe, wai kamfanin waya yana ba tsofaffin ƴan zaure kyautar intanet, ya sa sunana, za a turo mini lambobi 6 in karanto masa. Ga lambobin sun shigo kuwa. In ba shi?

Ɗalibin Jami'a:
Yaya kada ki ba shi! Kada ki tura ko ɗaya. Ba Baba Tela ba ne. Lambobin nan makullin WhatsApp ɗinki ne, duk wanda ya same su ya shiga a wayarsa ya fitar da ke.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ma ya rubuto mini da safe, jika 10 ya ce in ranta masa zuwa gobe. Na yi niyyar aikawa bayan magariba.

Shugaban Zaure:
Na kira Baba Tela ta layi yanzu. Yana shagonsa, tun jiya da dare WhatsApp ɗinsa ya rufe, ya ɗauka rezo ne. Ya ce wani ya kira shi da sunan ma'aikacin kamfani za a gyara masa layi, ya karanta masa lambobi. Na cire lambarsa daga zaure har sai an gyara. Ku sani wanda ya karɓe ta yana cikinmu tun jiya yana karanta duk abin da muke rubutawa. Kowa ya sanar da wanda ya san yana hulɗa da Baba, musamman masu ɗinki a wajensa, kada a aika kuɗi.

Ɗalibin Jami'a:
Shugaba, a ce masa ya buɗe WhatsApp ya sake sa lambarsa. Tunda layin yana hannunsa, sababbin lambobi 6 wayarsa za su shigo, yana sa su ɓarawon zai fita. In ya tarar an sa wani makullin sirri da bai sani ba, ɓarawon ne ya sa, sai ya jira kwana 7 ya sake gwadawa. Ina gama darasi ƙarfe biyar, zan biya ta shagonsa.

Sauran jama'a kuma, makullin nan na biyu kowa ya sa nasa tun kafin wani ya sa masa. Yana cikin saituna, wajen kont, tabbatarwa mai mataki biyu. Lambobi 6 ne da kai za ka zaɓa. Kada a sa shekarar haihuwa.

Alhaji na Kasuwar Dole:
Tela abokina ne tun muna samari, mutum ne da ko canjin dala biyar ya rage a hannunsa sai ya bi ka da shi gida. Ba kyauta aka yi masa alkawari ba, gyaran layi aka ce. Malama, na janye rabin maganata. Ɗana na Garin Malam, ka turo yaro gobe shagona ya ɗaukar wa mahaifiyarka gyaɗa tiya goma, ta biya in ta sayar.

Malama ta Birni:
Allah ya ƙara girma Baba.

Shugaban Zaure:
Mun yi shawara da sauran shugabanni. Daga yau ba a turo mahaɗar kyauta, tombola, tallafi ko ɗaukar aiki a nan. Wanda ya ga sanarwar aiki yana ganin ta gaskiya ce, ya turo mini ta gefe, mu tambaya a ofishin da abin ya shafa kafin a sa. Wanda aka cuta kuma yana jin nauyin faɗa, ya gaya mini, in sanar ba tare da sunansa ba.

Ɗan Garin Malam:
Na dawo da bayani. Jiya mun je ofishin kamfanin wayar ni da Inna, suka ce ba su da wani biki, ba su san da saƙon ba, suka rubuta lambar. A wajen aika kuɗi an duba resi biyu da muka samu, na ukun ya ɓace, an ce duka an cire su ranar da aka aika. Mun shigar da ƙara a komisariya kamar yadda Kawu ya ce, an ba mu takarda. Kuɗi dai ba mu sa rai ba.

Baba Alhaji, gyaɗa ta iso, Inna ta ce in yi maka godiya kafin ta zo da kanta. Da na karanta mata abin da ya samu Baba Tela da Hajiya, ta yi shiru can, sai ta ce in riƙe mata waya. Ta yi magana da muryarta kusan minti huɗu, ta faɗi yadda aka yi mata daga farko har ƙarshe, ta ce in tura zauren matan adashinsu. Kafin isha'i mata biyu sun kira ta, ɗaya ta riga ta aika jika 7 da rabi ga lambar nan guda, tana shirin aika na haraji.

Ɗalibi, matan sun ce ko za ka zo ka sa musu makullin nan a wayoyinsu? Sun kai su goma sha biyar.

Ɗalibin Jami'a:
Zan zo Yaya, ranar Asabar bayan la'asar, da abokina ɗaya don mu yi sauri. Kowace ta zo da wayarta da caji, kuma ta riga ta zaɓi lambobi 6 da za ta iya riƙewa a ka. Waccan da ta aika jika 7 da rabi ta taho da resinta, Kawu ya ce a haɗa da ƙarar Inna tunda lamba ɗaya ce.